Kano zuwa Dutse: kusa a sama, nesa ga Bakazaure

Ranar 27 ga Oktoba, 1925, jiragen sojan saman Ingila guda uku ƙirar DH.9A suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira, bisa jagorancin Arthur Coningham. Suka yi ta yada zango, Khartum, El Fasher, Fort Lamy wadda yau ake kira N'Djamena, har suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, zamanin Sarkin Kano Usman. Kwana shida ke nan, a kan hanyar da alhazan ƙasar Hausa kan share watanni, wasu ma shekaru, suna takawa da ƙafa. Babu filin jirgi a lokacin, filin wasan dawaki aka sauka.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi suka riƙa sauka Kano shan mai kafin su wuce Masar. Daga nan filin ya kafu, shi ne yau mai sunan Malam Aminu Kano.

Duk tsawon wannan zamani Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura ƙasar lardin Kano ce, daga baya jihar Kano. Maniyyaci daga Kazaure ya biyo ta Dambatta, ya shigo birni ta arewa, ɓangaren da filin jirgin yake. Tafiyar ba ta kai kilomita ɗari ba.

Sai aka ƙirƙiri Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka kai hedikwata Dutse. Gwamnatin Sule Lamido ta gina filin jirgin sama a can, aka buɗe shi a 2014, alhazan jiha suka koma tashi daga gida.

To, gidan wa? Tsakanin filin Kano da na Dutse kimanin kilomita 90 ne a miƙe. Jirgin fasinja ba zai gama ɗagawa sama ba sai ya fara shirin sauka. Abin bai wuce minti ashirin ba, wanda jiran tantance kaya kaɗai ya fi shi tsawo. Saboda haka mai hankali ba ya neman tikiti tsakaninsu, mota yake shiga. Amma mutumin Gwiwa ko Roni da zai je Dutse, hanyar da aka saba ta cikin Kano take bi. Wato sai ya wuce tsohon filinsa, ya kutsa cunkoson birni, sannan ya kama hanyar Wudil, ya ƙara tafiyar da ta fi wadda ya riga ya yi daga Kazaure. Ga shi kuma filin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina bai yi wa Gwiwa nisan Dutse ba.

Ba aibu ba ne jiha ta mallaki filinta, kuma ga mutanen Birnin Kudu da Gwaram an rage wahala ƙwarai. Sai dai iyakar da aka shata a 1991 ba ta karkatar da titi ba. Ɗan kasuwar Kazaure mai zuwa Legas ko Abuja har gobe Kano yake nufa. Dutse kuwa sai in hukumar alhazai ta kira shi sansani.