Baƙo da Mai Masauki: Nazarin Girman Abin da Aka Saka Cikin Takarda Yayin Bugawa a Windows

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da ke sa jadawali ko zanen da aka saka cikin takarda ya fito daidai a allon kwamfuta amma ya tsuke, ko ya kumbura, idan aka tura shi firinta. Ta bi lissafin ma'aunai na fasahar OLE, ta nuna cewa kuskuren yakan faru ne wajen juya awo, kuma galibi manhajar da ta karɓi abin ce ke da alhaki.

Gabatarwa

A 1990 kamfanin Microsoft ya fitar da OLE, ya sabunta ta a 1993. Ita ce ke ba jadawalin Excel damar zama cikin takardar Word da ransa, a danna shi sau biyu a gyara. Wannan nazari zai kira jadawalin baƙo, manhajar da ta ba shi wuri kuma mai masauki. Baƙon ya san tsawonsa da faɗinsa, amma mai masauki ne ke nuna masa inda zai shimfiɗa tabarma a shafi.

Kowa da mudunsa

OLE tana faɗar girman baƙo da ma'aunin HIMETRIC, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Inci ɗaya yana ɗauke da 2,540. Akwatin rubutu na RichEdit, idan zai tsara shafi don bugawa, da tuwif yake awo, 1,440 a inci. Fayilolin Office na zamani kuwa suna ajiye girman zane da EMU, 914,400 a inci. Duk waɗannan awon duniya ne, ana iya ɗora musu rula.

Fiksil ba haka yake ba. Windows tana ɗaukar allo a kan ɗigo 96 a inci, tsohuwar Macintosh ta ɗauki 72. LaserJet ta farko da HP ya fitar a 1984 tana buga ɗigo 300 a inci, LaserJet 4 ta 1992 ta kai 600. Ɗigon allo da ɗigon firinta suna kawai suka haɗa.

Lissafin

A ɗauki zane mai faɗin santimita 10 da tsawon 5. A HIMETRIC 10,000 ne da 5,000. A allo mai 96 zai ci fiksil 378 a faɗi, a firinta mai 600 kuma yana buƙatar ɗigo 2,362.

Kuskure na farko shi ne wanda sabon mai rubuta manhaja ya fi faɗawa ciki: ya miƙa wa firinta 378 ɗin nan yadda take. Firinta ba ta gardama, sai ta zana ɗigo 378, wato milimita 16 kacal. Zanen da ya cika rabin faɗin shafi ya koma kamar kan sarki a kusurwar ambulan, ya ragu sau shida da kwata.

Na biyu ya fi wuyar kamawa, domin wanda ya yi shi yana ganin ya gama gyara. Ya ninka fiksil da 600, ya raba da 96, ya rubuta 96 ɗin cikin manhaja kamar ba ta canzawa. A kwamfutarsa komai lafiya. Sai takardar ta je hannun wanda ya ƙara girman rubutun allonsa zuwa kashi 125 cikin ɗari, inda inci ya zama ɗigo 120. Zanen yanzu fiksil 472 ne, lissafin ya ba da ɗigo 2,950, a takarda santimita 12 da rabi. Gefensa na dama ya shige wurin da aka ware masa a shafi. Tun Windows 8.1 a 2013, allo biyu da ke jone da kwamfuta guda ma kowanne na iya zama da nasa adadin, don haka dogaro da 96 ya zama ganganci.

Hanyar da ta tsira daga duka biyun gajeriya ce. A bar girman a HIMETRIC har lokacin zane, a tambayi firintar adadin ɗigonta ta GetDeviceCaps, a ninka, a raba da 2,540, a miƙa murabba'in da ya fito ga OleDraw. Tambayar kuma biyu ce, LOGPIXELSX ta kwance da LOGPIXELSY ta tsaye, domin akwai na'urorin da adadinsu bai zo ɗaya ba. Faks na yau da kullum yana da kusan 204 a kwance da 98 a tsaye. Wanda ya yi amfani da lamba guda a nan, da'irarsa za ta fito kamar ƙwai.

Sauran tarko

Firintoci da yawa ba sa iya buga bakin takarda, don haka sifilinsu yana farawa ne daga ciki kaɗan. Idan ba a cire wannan tazara ba, wato PHYSICALOFFSETX da PHYSICALOFFSETY, girma zai yi daidai amma zanen zai goce. A tsarin MM_HIMETRIC kuma lambobin tsaye sama suke hawa, saɓanin MM_TEXT, abin da kan sa zane ya fito a kife.

Baƙon ma ba kullum yake da gaskiya ba. Abin da mai masauki ke bugawa sau da yawa hoton ajiya ne da baƙon ya bari. Tsohon tsarin hoto na WMF ba ya ɗauke da girmansa na zahiri a kansa, shi ya sa kamfanin Aldus ya ƙara masa kai mai bayit 22 da ke faɗar iyaka da ma'auni. Tsarin EMF ya gyara wannan, yana rubuta iyakarsa da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Idan kuwa hoton ajiyar na fiksil ne da aka ɗauka a 96, lissafi mai kyau zai ba shi girman da ya dace, amma gefen haruffa zai fito da haƙora kamar zarto.

Akwai kuma takardar kanta. Najeriya da Nijar da A4 suke aiki, milimita 210 da 297, yayin da manhajar da aka saita a kan Amurka kan zo da Letter, 215.9 da 279.4. Shafin A4 da aka matse ya shiga Letter yana raguwa zuwa kusan kashi 94 cikin ɗari, kuma zanen santimita 10 da aka lissafa daidai zai fito santimita 9.4.