Farfesa Ishaya Audu: Likitan Yara da Ya Reni Jami'ar Zariya

An haifi Ishaya Sha'aibu Audu ranar 1 ga Maris, 1927, a Anchau da ke ƙasar Zazzau. Ya yi karatun farko a makarantar mishan ta Wusasa, ƙauyen nan na bakin ganuwar Zariya inda Yakubu Gowon ma ya taso. Daga can ya wuce Yaba a Legas, sai Kwalejin Jami'a ta Ibadan, kafin ya haye Ingila ya kammala karatun likita. Ya ƙware a kan cututtukan yara, ya koyar a Jami'ar Legas, kuma ya taɓa zama likitan Firimiyan Arewa, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato.

A 1966 aka damƙa masa Jami'ar Ahmadu Bello, yana ɗan shekara 39. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya hau kujerar shugabancinta, bayan Norman Alexander, Baturen New Zealand da ya buɗe ta a 1962. Jami'ar ba ta cika shekara huɗu ba, ga Sardauna an kashe shi a watan Janairu, ga tarzoma ta kori malamai da ɗalibai 'yan Kudu da dama, ga yaƙin basasa na ƙwanƙwasa ƙofa.

Babban ciwon jami'ar a lokacin shi ne ƙarancin ɗalibai. Makarantun sakandaren Arewa ba sa yaye isassun yaran da suka cika sharuɗɗan shiga. Maganin da aka samo a zamaninsa shi ne makarantar share fage, wadda kowa ya sani da SBS: yaro ya gama sakandare, a ɗauko shi a goge shi a harabar jami'ar da ke Samaru, sannan ya shiga ajin digiri. Ta wannan ƙofa 'ya'yan manoma da na fatake suka zama likitoci da injiniyoyi da alƙalai. A zamaninsa ne kuma aka kafa tsangayar koyon likitanci a 1967, yayin da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano ke ƙara ƙarfi a ƙarƙashin inuwar Zariya.

Ya sauka a 1975, Farfesa Iya Abubakar ya gaje shi. Siyasa ta ja shi a 1979, ya tsaya takarar mataimakin shugaban ƙasa tare da Nnamdi Azikiwe a jam'iyyar NPP. Ba su ci ba, amma ƙawancen NPP da NPN, jam'iyyar da ta ci zaɓen, ya sa Shugaba Shehu Shagari ya naɗa shi ministan harkokin waje, kuma ko da ƙawancen ya watse a 1981 bai bar gwamnatin ba. Sojojin da suka karɓe mulki a ƙarshen 1983 sun tsare shi tare da sauran 'yan siyasa.

Da ya fito sai ya koma Samaru, kusa da jami'ar da ya rena, ya ci gaba da duba marasa lafiya a asibitinsa, yana kuma hidimar coci. Ya rasu a Amurka ranar 29 ga Agusta, 2005, yana da shekara 78.