Firgici da Tabonsa a Zukata da Bakunan Matasa: Waiwaye kan Potiskum, 2009-2015

1.0 Gabatarwa

Tun bayan kisan ƙare-dangi da aka yi a ƙasar Ruwanda a shekarar 1994, masana halayyar ɗan Adam suka duƙufa wajen nazarin halin da matasa kan shiga bayan an yi kashe-kashe a kan idonsu. Manufar wannan takarda ita ce ta kawo wannan batu gida, wato ta waiwayi tarihin tashin hankalin da aka yi a garin Potiskum da kewayensa tsakanin 2009 da 2015, da kuma irin tabon da ya bari ga waɗanda suke yara a wancan lokaci, yau kuwa sun zama samari da 'yan mata da magidanta. Za a fi mai da hankali ga ɓangaren da ya shafi masu nazarin harshe, watau kalmomin da ake ambaton wannan ciwo da su. Maganganun da za a kawo misali da su na tsince su ne a zaman da aikin koyarwa ya kai ni na yi a unguwar Dogo Nini.

Wajibi ne a bambanta kalmomi biyu tun da farko. A yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, kisan ƙare-dangi shi ne wanda aka yi da nufin shafe wata al'umma ko ƙabila ko mabiya wani addini, dukkansu ko wani sashe nasu. A Potiskum kuwa an kashe Musulmi an kashe Kirista, an kashe ɗalibi an kashe ɗan kasuwa. Don haka wannan takarda za ta kira abin da ya faru kisan kiyashi. Amma ciwon da ke biyo bayan nau'o'in biyu iri ɗaya ne.

2.0 Potiskum da Mutanenta

Potiskum gari ne da ke yammacin Damaturu a Jihar Yobe, jihar da aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Barno a 1991. Mahaɗa ce ta hanyoyin da suka fito daga Kano da Bauchi da Gombe da Maiduguri, kuma ta shahara da kasuwar shanu mai ci ranar Laraba da kuma sana'ar manyan motoci. A nan fadar Sarkin Fika take tun 1924, haka kuma akwai masarautar Pataskum. Dogo Nini tana ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar. Ngizim da Karekare da Bolewa da Ngamo da Fulani da Barebari da Hausawa duk suna zaune a garin, Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa da tasha da cuɗanya. Masu nazarin harsunan Cadi sun san garin ta ayyukan Farfesa Russell Schuh, wanda ya wallafa ƙamus na Ngizim a 1981. Wannan yalwar harsuna tana da muhimmanci ga batunmu, domin saurayi yakan yi kuka da harshen mahaifiyarsa a gida, amma in ya je asibiti da Hausa zai bayyana abin da ke damunsa.

3.0 Shekarun Tashin Hankali

Rikicin ƙungiyar da aka fi sani da Boko Haram ya ɓarke a Bauchi ranar 26 ga Yuli, 2009, kuma cikin kwanaki kaɗan ya watsu zuwa Maiduguri da Wudil da Potiskum. Bayan kashe shugabanta Muhammad Yusuf a ƙarshen watan, aka samu ɗan lafawa, daga bisani ƙungiyar ta dawo da ƙarfinta. Shekarar 2012 ta zo wa garin da zafi. A ranar Laraba 2 ga Mayu 'yan bindiga suka auka wa kasuwar shanu, suka kashe aƙalla mutum 34, suka ƙone dabbobi da dukiya, harin da rahotanni suka danganta da ramuwar gayya ta 'yan fashi. A Fabrairun 2013 aka kashe likitoci uku 'yan ƙasar Koriya ta Arewa da ke aiki a garin. A watan Mayu na wannan shekara Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Barno da Yobe da Adamawa, aka kuma katse layukan wayar hannu na tsawon makonni.

Daga nan ne makarantu suka zama abin hari. A daren 6 ga Yuli, 2013 aka kai farmaki makarantar sakandare ta kwana da ke Mamudo, kusa da Potiskum, inda rahotanni suka ce mutum 42 sun rasu, akasarinsu ɗalibai. Gwamna Ibrahim Gaidam ya rufe makarantun sakandaren jihar gaba ɗaya. A ranar 29 ga Satumba aka kashe ɗalibai fiye da 40 a Kwalejin Aikin Gona ta Gujba, sannan a 25 ga Fabrairu, 2014 aka auka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi, inda aka ba da rahoton rasuwar ɗalibai maza 59.

Watan Nuwamban 2014 shi ne mutanen Potiskum ba za su manta da shi ba. Ranar 3 ga wata ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bam a cikin jerin gwanon Ashura. Bayan mako ɗaya, ranar Litinin 10 ga wata, wani ya shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati sanye da kayan ɗalibai, ya tashi bam a daidai lokacin taron safe, aƙalla mutum 46 suka rasu. A watannin Janairu da Fabrairu na 2015 aka kai hare-hare kasuwar wayoyin hannu da tashar mota ta Ɗan Barno, kuma a wasu daga cikinsu 'yan mata ƙanana aka ɗaura wa bam. Ke nan yaron da yake da shekara 15 a filin taron safe a 2014, yau ya haura 25.

4.0 Tabon da Ya Rage

Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun sanya ciwon da ke biyo bayan mummunan tashin hankali a kundinsu na cututtuka a 1980, bayan abin da suka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Alamominsa sun haɗa da dawowar abin da ya faru cikin mafarki ko a farke, da ƙaurace wa duk abin da zai tuna da shi, da yawan zabura da rashin barci da saurin fushi, matuƙar dai abin ya wuce wata guda. Bahaushe ya riga ya lura da haka inda ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A unguwar da na zauna, na sha ganin tayar babbar mota ta fashe a kan titi, majalisa ta watse nan take, sannan a dawo ana dariyar da ba ta kai ciki ba. Na koyar da ɗaliban da ba sa zama sai kusa da ƙofa, da waɗanda baƙo mai jaka a baya yake hana su sauraron darasi.

Ta fuskar zamantakewa, illar ta kasu kashi uku. Na farko, karatu ya yanke wa da yawa, domin iyaye sun janye 'ya'yansu daga makarantun kwana, wasu kuma ba su koma ba. Na biyu, hana hawan babur na tsawon shekaru da dokar hana fita da raguwar ciniki sun raba samari da sana'o'insu, wanda kuma ya rasa uba sai ɗawainiyar gida ta faɗo masa tun bai kai ba. Na uku, kuma shi ne mafi wuyar gyara, amana ta yi rauni. Wanda ya tashi bam a makaranta cikin kayan ɗalibai ya zo, don haka ɗalibi ya koyi zargin ɗalibi. Samari da dama kuma sun tsinci kansu tsakanin wuta biyu, ga tsoron maharan, ga tsoron kamen jami'an tsaro.

5.0 Harshe da Ciwo

5.1 Sakaya Suna

Abu na farko da mai nazarin harshe zai lura da shi shi ne yadda tsoro ya haifar da sakaya zance. A shekarun rikicin ba a cika ambaton sunan ƙungiyar a fili ba, sai a ce "mutanen nan" ko "yaran nan", domin ba a san wanda ke saurare ba. Har bayan lafawar al'amura, na riƙa jin ana cewa "lokacin abin nan" ko "ranar da abin ya faru". Wannan salo ne da Hausa ta saba da shi wajen ambaton iskoki da mutuwa da miyagun cututtuka. Illarsa ita ce ƙannen da aka haifa daga baya suna tashi su tarar da tsoro a gida ba tare da sun ji labarinsa ba.

5.2 Kalmomin Tsoro

Hausa tana da wadatar kalmomi a wannan fage: tsoro da fargaba da zullumi ga abin da ake jira, razana da firgita ga abin da ya zo ba zato, kiɗima da ɗimuwa da zautuwa ga wanda abin ya fi ƙarfinsa. Akwai kuma maganganun da suka jiɓanci sassan jiki, kamar "gabana yana faɗuwa" da "zuciyata ta tsinke" da "ƙirjina ya yi nauyi". Sai dai kusan dukkansu suna bayyana halin ɗan lokaci ne. Idan abin ya daɗe, kalmar da ta rage ita ce taɓin hankali, ita kuwa tana kusa da hauka, kuma tana iya hana saurayi aure ko aiki. Saboda haka yakan gwammace ya ce kansa ke ciwo, a ba shi maganin zazzaɓi, ko a ce iska ce a kai shi wurin mai ruƙiyya.

5.3 Haƙuri da Dangana

Kalmomin ta'aziyya irin su haƙuri da dangana da tawakkali da ƙaddara sun riƙe al'umma a lokacin da ba abin da zai riƙe ta. Amma "yi haƙuri" tana da fuska biyu a wajen amfani: tana lallashi, tana kuma rufe zance. In aka haɗa ta da kunya da jarunta da ake nema ga ɗa namiji, da karin maganar nan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sai saurayi ya fahimci cewa faɗin abin da ke ransa gazawa ce ko raunin imani.

6.0 Darasi daga Ruwanda

A Ruwanda an kashe mutum kimanin 800,000, akasarinsu Tutsi, cikin kwana ɗari. Abubuwa biyu daga can sun cancanci lura. Na farko, kalmar ihahamuka ta harshen Kinyaruwanda, mai nuni da ɗaukewar numfashi saboda tsoro, ta zama sunan wannan ciwo a bakin jama'a da ma'aikatan lafiya, don haka mai fama da shi ya sami abin faɗa wanda ba hauka ba. Na biyu, kotunan gargajiya na gacaca, daga 2002 zuwa 2012, sun sa an ba da labari a bainar jama'a da harshen gida, duk da sukar da aka yi musu. An kuma lura cewa a taron tunawa na kowane watan Afrilu, har matasan da ba su ga kisan ba sukan faɗa cikin firgici. Wannan gargaɗi ne gare mu cewa ana gadon ciwon.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi tarihin kashe-kashen Potiskum, ta nuna cewa tabonsu yana nan a barcin matasa da karatunsu da amanar da ke tsakaninsu, kuma rashin suna mai mutunci yana cikin abubuwan da ke hana neman magani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma doka ba ta ƙirƙirar kalma. Wannan aikinmu ne. Ina ba da shawarar a gwada "ciwon firgici". Da "tabon hankali" ya fi dacewa da ma'ana, to amma a rubutun da ba a sa wa lanƙwasa zai rikice da taɓin hankali, wato abin da ake gudu. Haka nan ya kamata sassan nazarin harsuna su tattara labaran waɗanda suka tsira, da yardarsu kuma tare da likitoci, cikin Hausa da Ngizim da Karekare da Bolanci da Ngamo, domin mai yiwuwa ne kalmar da muke nema tana nan a ɗaya daga cikinsu. Waɗanda suka tsaya a filin taron safe a 2014 sun fara haihuwa, kuma nan gaba kaɗan 'ya'yansu za su tambaye su abin da ake nufi da "lokacin abin nan".