Yadda Kiristocin Adamawa Suka Koyi Karanta Littafi Mai Tsarki Tare

Bishara ta daɗe tana zagaya Yola kafin ta shige ta. Garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841 fadar Lamiɗo ce, kuma Turawan mulki ba su cika barin ’yan mishan su yi aiki a cikin masarautun Musulmi ba. Shi ya sa da Dokta Niels Bronnum, likita ɗan ƙasar Denmak, ya iso a 1913, sai ya sauka a Numan, ƙasar Bachama. A 1923 Stover Kulp da Albert Helser suka kafa nasu mishan a Garkida cikin Bura, limaman Katolika ’yan Ailan kuma suka biyo baya a 1940. Daga waɗannan wurare ne ’ya’yan manoma suka riƙa gangarowa Jimeta neman aikin gwamnati da na kasuwa, suka zo da wata al’ada wadda a ganina ita ce ta tsare fassarar Nassi a wannan yanki: ba a barin mutum ya yanke ma’anar aya shi kaɗai.

Larura ce ta haifi al’adar. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya jagoranta, kuma Hausa ba harshen gida ba ne ga Bachama ko Margi ko Kilba ko Lunguda. Littafi ya yi ƙaranci, masu karatu sun fi shi ƙaranci. To, sai a zauna a ajin baftisma, a kan dakalin ƙasa, littafi ɗaya yana bin hannu-hannu. Yaro mai kaifin ido ya karanta da ƙarfi yana bin layi da yatsa, mai bishara ya juya da harshen gari, wani dattijo ya ce bai gane ba a maimaita, a koma farkon sura. Wanda ya koyi Nassi a haka ya saba da tambayar wa ke magana, da wa yake yi, me ya gabata. Daga baya aka ɗora makarantu a kan wannan tushe: kwalejin tauhidi ta Bukuru a 1959, makarantar Kulp ta ikilisiyar EYN a Kwarhi, da ta Bronnum da ke Mbamba a gefen Yola. Zumuntar Mata kuwa ta riƙe zaman nazari a unguwanni, inda fasto ba ya kaiwa kullum.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce, tun da Ruhu Mai Tsarki yana buɗe wa kowane mai bi ido. Ba na musun aikin Ruhu, amma Littafin da kansa ya nuna hanyar da yake bi. Bahabashen nan na Ayyukan Manzanni sura 8 yana riƙe da littafin Ishaya, sai da aka aiko masa Filibus ya zauna da shi kafin ya gane. Mutanen Biriya an yabe su ne domin sun riƙa auna wa’azin Bulus da Nassi, shi Bulus fa. Idan manzo bai wuce a bincike shi ba, mai wa’azin da ya tsinko aya ɗaya ya turo ta waya yana alkawarin arziki cikin kwana bakwai bai wuce ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: cewa fassarar da aka gada ta Turawa ce. Da gaskiya a ciki, domin wasu ’yan mishan sun haramta ganga da rawar gargajiya ba tare da hujjar Nassi ba. Sai dai wanda ya koya maka karatu ya ba ka damar duba maganarsa. Waɗanda suka fito daga waɗancan azuzuwa ne suka karanta Zabura, suka mai da ganga cikin sujada, suka karɓi ragamar ikilisiya, har Akbishop Musa Panti Filibus na ikilisiyar LCCN ya zama shugaban tarayyar Lutheran ta duniya a 2017.

An gwada al’adar da wuta a watan Oktoba na 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi da hedkwatar EYN a Kwarhi, dubban mutane suka kwararo Yola da Jimeta. Mai neman ayar ramuwa ba zai rasa ta a littafin Joshuwa ba. Amma shugabannin EYN, waɗanda suka saba karanta Tsohon Alkawari ta hasken koyarwar Yesu a kan dutse, sun tsaya a kan ƙin ɗaukar fansa, alhali majami’unsu suna toka. Shi ma Bishop ɗin Katolika Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar majami’ar Santa Teresa ta Jimeta ga ’yan gudun hijira, Kirista da Musulmi. Da ya gina musu gidaje a Sangere-Margi, aka buɗe a 2021, ya haɗa da coci da masallaci, ko da yake wasu cikin Kiristoci sun yi masa gunaguni.