Gadar da ta koma cikin kwamfuta

Maƙalarmu ta wannan mako a kan tarihin wata gada ce wadda ba a gina ta a kan kogi ba.

Mu fara da baƙon da ke hawa gadar. A 1967 injiniyoyin IBM a birnin Kambirij na Amurka suka fara aiki da wani tsari mai suna CP-40, wanda ke sa babbar kwamfuta ɗaya ta rabu gida-gida, kowane mai aiki yana ganin kamar tasa ce shi kaɗai. Wannan ita ce kwamfutar cikin kwamfuta: ba ta da jiki, ta manhaja ce zalla, amma tana aiki kamar ta gaske.

Ita kuwa gadar daga wata matsala daban ta fito. A 1973 Robert Metcalfe ya tsara Ethernet a cibiyar binciken Xerox, inda kwamfutoci ke magana ta waya guda. Kamar taron suna ne: in mutum biyu suka yi magana tare, sai kowa ya yi shiru ya sake. Da kwamfutoci suka yawaita sai hayaniya ta yi yawa, ga shi tsawon wayar bai wuce mita 500 ba. Kamfanin DEC ya fito da wata na'ura da ake sakawa tsakanin waya biyu. Tana sauraron duk saƙon da ya gifta, tana haddace lambar wanda ya aiko, har ta san wa ke wannan tsallaken, wa ke wancan. Saƙon da bai shafi tsallake ba, sai ta hana shi ƙetarewa. Ita aka kira gada.

Sai dai in aka haɗa gadoji suka yi zobe, saƙo ɗaya zai yi ta kewayawa har komai ya tsaya cak. Radia Perlman ce ta warware wannan a 1985, da dabarar da gadoji ke shawara a tsakaninsu su toshe hanyar da ta yi rara. Abin da zai burge mu marubuta: ta rubuta 'yar waƙa ta Turanci tana bayanin dabarar, ta sa a cikin takardar bincikenta. A 1990 dabarar ta zama ƙa'idar da kowa ke bi.

Labaran biyu sun haɗu ne bayan 1999, da VMware ya fitar da manhajar da ta kawo kwamfutar cikin kwamfuta kan teburin kowa. Tambaya ta taso: ta yaya baƙuwa za ta yi magana da waje? Hanya ɗaya ita ce ta laɓe bayan uwar masaukinta, duk wasiƙarta ta fita da sunan masu gida. Ɗayar ita ce a gina gada ta manhaja a cikin kwamfutar, a ba baƙuwa tata lambar kati, ta fita ta nemi adireshi da kanta, kamar an fasa mata ƙofa zuwa titi.

A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Gada ba ta ƙirƙirar adireshi. Titin da mai masauki yake, nan baƙuwa za ta tsaya. In a gida ne, na'urar raba intanet za ta ba ta adireshin cikin gida mai farawa da 192.168, wanda duniya ba ta gani. Adireshin da kowa zai iya samu daga ko'ina sai an mallaka mata shi, kuma da zarar ta samu, masu kutse za su fara ƙwanƙwasa ƙofar, domin bangon mai gida ba ya kare ta kuma.

Shi ma adireshin ya yi wuya. Tsarin 1981 bai tanadi fiye da kimanin biliyan 4.3 ba, adadin da a lokacin ake gani ba zai ƙare ba. Ranar 3 ga Fabrairu, 2011 aka raba rukunai biyar na ƙarshe ga hukumomin yankuna biyar, ciki har da AFRINIC mai kula da Afirka. Tun Fabrairun 2024 Amazon ke karɓar rabin santi na dala a kowace awa a kan kowane adireshi irin wannan.