Kirista da Tazarar Haihuwa a Ƙasar Hausa: Waiwaye daga Zango

Zango, inda sarakunan Haɓe na Daura suka zauna bayan jihadi har zuwa 1906, gari ne na Musulmi, Kirista kuwa 'yan tsiraru ne. Duk da ƙarancinsu, ba bakinsu ɗaya ba game da maganin hana ɗaukar ciki, kuma tushen saɓanin yana can ƙetare.

Har farkon ƙarni na 20 manyan ɗariƙun Kirista sun haɗu a kan hani, suna kafa hujja da labarin Onan cikin Littafin Farawa, sura ta 38. A 1930 taron bishop-bishop na Angalika a Lambeth, Ingila, ya sassauta wa ma'aurata masu ƙwaƙƙwaran dalili. Kafin shekarar ta ƙare Paparoma Pius na 11 ya jaddada haramci cikin wasiƙarsa Casti Connubii. Paparoma Paul na 6 ya ƙara tabbatar da shi a 1968 cikin Humanae Vitae, amma ya yarda ma'aurata su riƙa lura da kwanakin da mace ba ta ɗaukar ciki.

Ra'ayoyin nan biyu sun sami mazauni a ƙasar Hausa. Mishan ɗin Angalika ta kafu a Zariya a 1905, wadda ɗariƙarta ta bi sassauci, Katolika kuwa, da suka sami dayosis a Katsina a 2023, suna kan hani.

Sai dai dukansu sun tarar da Bahaushe da nasa tsarin. Mace takan shayar da ɗa kusan shekara biyu kafin yaye, wadda ta yi ciki da goyo kuma a ce ta yi kwanika, abin kunya ne. Watau al'ada ta san tazara, ba ta san ƙayyade yawan 'ya'ya ba.

Wannan bambanci ya fito fili a 1988, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta shawarci kowace mace ta tsaya a 'ya'ya huɗu. Shugabannin Katolika da malaman Musulunci da dama suka ƙi. Sannu a hankali ma'aikatan lafiya suka fifita kalmar "tazarar haihuwa" a kan "ƙayyade iyali". Ta farko kusan kowa na iya karɓarta, domin Katolika ma ba tazarar suka hana ba, hanyar samar da ita suka iyakance. Saboda haka wajibi ne mai fassara da mai nazari su rarrabe kalmomin nan biyu, gama tarihi daban kowace take ɗauke da shi.