Hannun Giwa da Matsalar Kai Abinci Baki

Abin da Bahaushe yake kira hannun giwa, a ilimin jikin dabbobi, hanci ne da leɓen sama da suka haɗe suka yi tsawo har ƙasa. Kafofin hanci biyu sun ratsa shi daga tushe zuwa baki, kuma babu ƙashi ko ɗaya a cikinsa, sai damman tsoka dubun-dubata, wasu a miƙe, wasu a gicciye. Da su yake lanƙwasa, ya miƙe, ya takure. Giwar Afirka tana da 'yan tsiraye biyu kamar yatsu a bakinsa, ta Asiya kuwa ɗaya.

Amfanin wannan gaɓa yana bayyana ne idan aka dubi sauran jikin. Babban toron giwa yakan haura mita 3 a kafaɗa, kansa da haurensa suna da nauyi ƙwarai, don haka sai gajeren wuya mai kauri ne zai iya ɗaukarsu. Gajeren wuya kuwa ba ya kai baki ƙasa. Ga shi giwa tana cin abin da ya kai kilo 150 na ciyawa, ganye da ɓawon itace a rana, tana shafe kusan awa 16 tana kiwo. Da a ce kowace loma sai ta durƙusa, da ƙarfin da za ta kashe ya cinye ribar abincin. Hannun ne ya warware wannan matsala: jiki na tsaye, shi yana tsinko ciyawa, yana karyo reshe, yana zuƙo ruwa kusan lita 8 ya juye a baki.

Duk da haka bai bar aikin hanci ba. Binciken Jami'ar Tokiyo na 2014 ya nuna giwar Afirka tana da ƙwayoyin gado na jin ƙamshi kusan 2,000, ɗan Adam kuwa kusan 400. Gaɓar da ke gano abinci ita ce ke ɗauko shi.

Sauran halittu sun fuskanci irin wannan matsala, kowacce da gaɓar da ta yi mata tsawo. Raƙumin dawa yana da dogon wuya da harshe. Dabgi yana da dogon baki da harshe mai yauƙi da yake zurawa cikin shuri ya laso gara. Malam-buɗe-littafi yana da siririn baki kamar tsinke da yake naɗewa, ya warware shi cikin fure. A 1862 Charles Darwin ya ga wani furen Madagaska mai zurfin kusan santimita 30, ya yi hasashen akwai ƙwaro mai bakin da zai kai gindinsa, aka kuwa bayyana shi a 1903. Asalin gaɓoɓin daban-daban ne, amma buƙatar ɗaya ce: abinci yana inda baki ba ya isa.

Tara ayyuka a gaɓa guda yana da haɗarinsa. Numfashi, sansana, ci da sha duk sun rataya a kan hannun, shi ya sa tarkon waya da mafarauta ke ɗana wa ƙananan namun daji yake zame wa giwa babbar masifa. Wadda ya datse wa hannu takan koma cin abin da ke daidai bakinta, ta riƙa durƙusawa a bakin ruwa kafin ta sha.